Ulun Kawu a Tsakar Bazara

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kawu ya riga mu komawa, wata Talata, bazara tana bakin shigowa. Ƙanen mahaifiyata ne, shekara goma sha uku ya ba ni. Muka sallace shi a ƙofar gidansa na Jega bayan azahar, muka kai shi makwancinsa, muka dawo muka zauna a rumfar makoki.

A irin wannan zama kowa da Kawun da ya sani. Limamin unguwa ya ce tun da aka ba shi limanci bai taɓa sallame asuba ya juyo bai gan shi a sahun gaba ba, sai in ciwo ya kwantar da shi. Direbobin tashar Aliero suka zo su takwas, suka ce shi ke raba su faɗa, kuma ba da nasiha yake rabawa ba, tsawa ɗaya yake bugawa irin ta filin fareti, kowa ya shiga taitayinsa. Ana cikin haka wata tsohuwa daga Gehuru ta zo za ta shige cikin gida, ta tsaya a bakin rumfa, ta ɗaga murya yadda masu nauyin kunne ke yi.

"Allah sarki, mai hwatari ya tahi! Allah Shi jiƙan mai hwatari."

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Wani tsohon mahauci, wanda ya fi kowa tsokanar Kawu a kasuwa, shi bai yi dariya ba. Ya ja hularsa ya rufe fuska. Na dubi babban ɗan Kawu, taubashina, mai fataucin albasa a Aliero, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Da jama'a suka ragu ya jawo ni gefe.

"Ka ji ko? Shekara tamanin da wani abu na ibada, abin da anka riƙe ke nan. Akwatin nan nai na ƙarhe, in anka yi bakwai, gulbi zan kai shi. Ba mai sake kiran ubana da sunan tuhwan mata."

Na ce ya dakata mini. Ban gaya masa dalili ba, don ni kaina a lokacin ban san yadda zan faɗe shi ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Kawu ɗan badujala ne. Yana saurayi ya shiga soja, aka ga yana da dogon numfashi, aka ba shi wata algaita mai salka da ake matsewa a hammata, mai ƙahonni uku a kan kafaɗa. Masu busa ta da kayansu na daban: kwat mai maɓallan azurfa, safa har gwiwa, wata jaka mai gashin doki da ke lilo a gaba, sai kuma abin da shi yake kira kilti. Zanen ulu ne mai kauri, kore da shuɗi da baƙi, da siririn layin ja, an yi masa ninki a jere kamar haƙoran mashaci. Yadi takwas ne a jikinsa. Na taɓa ɗaga shi da hannu ɗaya, nauyinsa ya kai na ɗan akuya. Da ya bar aiki aka bar masa kayan, ya zo da su Jega a akwatin ƙarfe. Mutanen gari suka duba, suka ce wannan fatari ne, suna ya bi shi har kabari.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne lokacin da yake sa kayan. Da sanyi, lokacin da mutum zai so ulu a jikinsa, akwatin a kulle yake. Sai bazara ta kai ƙarshen ƙarfinta, an gama cirar albasa, kwalta tana kama takalmi, awaki sun lafe a gindin katanga, sannan Kawu zai shirya tsaf, kwana uku a jere, da hantsi. Ya fito daga gida, ya ratsa kasuwa, ya kai bakin gulbi, ya juyo. Gumi yana zuba ta haɓarsa, maɓallan kwat a rufe har wuya, ko ɗaya ba ya buɗewa.

Na tambaye shi wata rana, ina ganin kaina mai wayo.

"Kawu, mi ya hana ka bari sai sanyi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da ake shanya hatsi.

"Ɗan Yaya, ulu in ba ka sa shi ba, asu ka sa shi. Asu cikin ninki yaka ƙwai, inda rana ba ta kai. Kahur ba ya kashe shi, ganyen dogon yaro ba ya kashe shi. Ranar Jega ta tsakar bazara, ita ka kashe shi."

"To ka shanya a igiya mana."

"Ninki ba ya buɗewa ga igiya. Sai da tahiya."

Ya tashi ya nuna mini a tsakar gida. Yana jefa ƙafa, ninkin yana buɗewa yana rufewa ɗaya bayan ɗaya, rana tana shiga ko'ina. Wani babbansu a badujala ya koya musu haka, ya ce, kuma duk cikin abokan aikinsa shi kaɗai nasa ya kai shekara talatin ba huda ko ta allura. In ya dawo sai ya shimfiɗa shi a inuwa ya sha iska, ya bi kowane ninki da buroshi, ya yi wanka, ya sha fura kwano guda, ya kwanta kamar wanda ya gama noman shekara.

Liman na wancan lokaci, mahaifin na yanzu, ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci. Ya ce al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, kuma bai dace namiji ya yi kama da mata ba. Kawu bai yi musu ba. Ya durƙusa nan a kan yashi, gefen kiltin ya taɓa ƙasa ya rufe gwiwa ruf.

"Allah gafarta Malam, haka anka auna shi. In bai taɓa ƙasa ba, ba a barinka shiga fareti."

Sannan ya miƙe, ya zaro 'yar wuƙa daga bakin safarsa.

"Batun mata kuwa, wace mace Malam ya taɓa gani da wuƙa ga ƙwauri?"

Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce shi dai kada ya ga abin nan a sahu. Kawu ya ce ai ko shi ba zai kai wa Ubangiji kayan aikin wani ba. Suka rabu a haka, kuma bai taɓa sa shi ranar Juma'a ba.

Da mahaucin nan kuwa kullum yaƙi ne. Rumfarsa tana daidai tsakiyar hanyar Kawu. Da ya hango shi sai ya buga wuƙa a kan katako.

"Jama'a, a ba amarya hanya! Yau gidan wa anka kai ki?"

"Gidan ubanka. Ya ce kai ba ka gaje shi ba, in zo in riƙe mai gida."

"Kin yi ƙiba bana. Ko ciki na?"

"Naman da kaka saida muna, ƙashi zalla, wa ka ƙiba da shi?"

Mahaucin yana zagin yana miƙa masa moɗar ruwa. Akwai wata 'yar randa da yake binnewa rabi a cikin yashi a bayan rumfa, ba ya bari kowa ya taɓa ta a waɗannan kwana ukun. Kawu ya sha a tsaye, ba ya zama, ya ce zama yana karya ninki, ya miƙa moɗar ba godiya, ya wuce.

Ni na yi shekara talatin da 'yan kai ina fataucin goro da fata. Na ji Zabarmanci da Fillanci tun ina yaro, hanya ta ƙara mini Faransanci da Larabci da yaren Tonawa, mutanen Kumasi. A Kumasi na ga manyan gari, masu faɗa a ji, suna yafa zane su bar kafaɗa ɗaya a buɗe, ba wanda ya ce musu mata. A Jidda na zauna da Yamalawa masu ɗaura gyauto da wuƙa a ciki, a sahun gaba suke salla. A Ikko, wato Legas, na ga lauyoyi cikin baƙar kwat da hular gashi, rana tana dukansu, ana ce musu ranka ya daɗe. Mu kanmu ranar Idi mukan sa riga uku, mu naɗa rawani a kai, mu tsaya a fili muna narkewa, mu kira shi kwalliya. Duk inda na je na tarar mutum yana shan zafi saboda tufar da yake ganin ita ce mutuncinsa. Na san wannan sarai. Da na buɗe baki sau ɗaya a kasuwar Jega na faɗi abin da idona ya gani, da wataƙila an rage dariya. Ban taɓa faɗa ba. A Kumasi abin burgewa ne. A gida, a jikin kawuna, kunya yake ba ni.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na aurar da 'yata ta fari a Maiyama, inda na zauna bayan na bar hanya. Dangin mijin mutanen Liba ne, gidan malamai, ni kuma ina so su ga mun isa. Tun tana ƙarama Kawu yake ce mata ranar aurenta shi zai yi mata busa, ita ma ta riƙe. Ni na ɗauka wasan kaka da jika ne. Ranar ɗaurin aure, a tsakar bazara, jama'a sun fara taruwa, sai ga motar Jega ta tsaya. Kawu ya sauko cikin cikakken shiri, maɓalli na walƙiya, algaita a hammata. Ashe duk hanya a tsaye ya zo a bayan a-kori-kura, riƙe da ƙarfe, don kada ninki ya karye.

Na tare shi kafin ya kai rumfa, na ja shi zaure.

"Kawu, don Allah, don Annabi. Surukai na nan. Kada ka ba ni kunya yau."

Ya dube ni. Gumi yana ɗiga daga girarsa.

"Kunya," ya ce.

"Yau kaɗai, Kawu."

"Na jiya, ɗan Yaya."

Na shiga na ɗauko masa babbar rigata fara, sabuwa, da wando da hula. Ya tuɓe a zauren nan, ya ninke kiltin a kan cinyarsa a hankali, ninki bayan ninki, ya sa rigata. Ya fita ya zauna cikin dattawa, ya yi wa kowa fara'a, shi ya karɓi waliccin ma. Surukaina suka yi ta yaba kamalarsa. Da za a tafi da amarya ta aiko a tambaya ina busar Kaka. Na ce a gaya mata ya gaji.

Daga wannan shekarar ba a sake ganin Kawu a kasuwa da ulu ba. Bai yi fushi da ni ba, ko kuwa bai nuna ba. Ina zuwa gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi labarin ƙasashe, ya sa in yi masa Faransanci ya yi ta dariya wai kamar mai kurkurar baki. Sau da yawa nakan shirya maganar tun daga Maiyama, in iso Jega ta maƙale. Na ce wa kaina tsufa ne ya hana shi. Mahaucin ya taɓa tare ni ya ce, "Ina amaryata? Shekara ukku randata na jiran ta." Na ce ƙafa ce ke damunsa. Ƙafar da yake zuwa masallaci da ita sau biyar.

Ranar sadakar bakwai matar Kawu, wadda muke kira Iya, ta aika a kira ni cikin gida. Tana zaune a tabarmar takaba. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ɗan makulli.

"Ya ce kai za a ba. Tun randa kunka yi biki bai buɗe ba. Kowace bazara sai in ce, Malam, kawo in shanya maka ko ga igiya ne. Shi ce in bari."

"Bai ce komi ba, Iya? Game da ni?"

"Cewa ya yi kai ka san ƙasashe, kai ka san abin da ya dace da shi."

Na buɗe akwatin a gaban taubashina. Abu na farko da na gani babbar rigata ce, a wanke, a buge, a ninke a sama. Auduga ce, ba abin da ya taɓa ta, kamar jiya aka ajiye. Na ɗaga ta. A ƙarƙashinta kiltin yake. Daga sama lafiya lau. Da na buɗe ninkin farko sai gari ya zubo mini a hannu. Asu ya bi cikin kowane lungu ya ci, layi-layi, daidai inda Kawu ya ce yake ƙwai. Shekara talatin da wani abu ya tsare shi da gumin jikinsa, ni na kashe shi da magana ɗaya a zaure.

Taubashina ya leƙo.

"To, ka gani. Allah ma Ya hutar da mu. Kawo in kai gulbi."

Nan na gaya masa abin da ya faru a Maiyama, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Can ya ce, "Ni na ɗauka don ni ya bari. Na sha yi mai magana." Ya tura mini akwatin da ƙafa. "Ɗauki. Amma kada in sake ganin shi cikin Jega."

Na kai wa wani tela kiltin a Maiyama, dattijo mai haƙuri. Ya warware shi gaba ɗaya a kan tabarma, ya yanke inda ya mutu, ya haɗa inda ya rayu, yana bin layin ja don zanen ya hau kan juna. Daga yadi takwas, uku da rabi suka tsira. Ya ce in ajiye a leda da kafur. Na ce masa kafur ba ya kashe shi.

Sadakar arba'in ta faɗo a tsakar bazara. Da aka shafa fatiha da safe, na shiga ɗakin Kawu da kayan na rufe ƙofa. Shekarata saba'in da ɗaya. Kwat ɗin ta yi mini yawa a kafaɗa, amma na rufe maɓallan har wuya. Na ja safa. Na ɗauki kiltin na juya shi, na ga gefe ɗaya shafe, gefe ɗaya da ninki. Ai kowa ya san adon riga a gaba yake, aikin allura ba ya zama a baya. Na ɗaura ninkin a gaba, na fito.

Ban san haka abin yake ba. Kafin in kai bakin titi ulu ya fara cizon cinyata kamar ƙaiƙayi, gumi ya cika takalmi, kunnuwana suna ƙugi. Masu babur suna tsayawa. Wani ya ce tsohon nan ya taɓu. Wata mai abinci ta ce, "La ilaha, ya dawo!" Na yi yawo a ƙasa bakwai, ban taɓa jin idon mutane da nauyi irin na ranar ba. Haka Kawu ya yi ta ratsa su shekara da shekaru, kansa a sama.

Da na kai layin mahauta, tsohon yana zaune, 'ya'yansa ke yanka yanzu. Ya hango ni, ya miƙe da ƙyar. Na jira ya buga wuƙa a katako. Bai buga ba. Ya zo ya zagaya ni sau ɗaya, ya riƙe baki.

"Kai ne mai harshe biyar?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ne kat tahi Makka da Kumasi?"

"Ni ne."

"Ka ɗaura shi baibai, shashasha. Ninki baya yaka zama. Ni da ban taɓa wuce Birnin Kabi ba na san wanga. Shekara talatin ina kallon bayanta in ta wuce."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Ya ja ni bayan rumfa, ya kwance maɗaurin, ya juya shi, ya ɗaure, ya ja gefen ƙasa ya daidaita. Ya ce in durƙusa. Na durƙusa, ya taɓa ƙasa. Sannan ya tone yashi a gefen 'yar randarsa, ya ɗebo ruwa. Na nemi benci.

"A tsaye," ya ce. "Zama na karya ninki."

Na sha a tsaye. Ina sauke moɗar na ga taubashina a bakin rumfa. Wani ya kai masa labari, ya bar baƙi a gida ya biyo ni. Ya dube ni daga hula har takalmi, fuskarsa ba annuri. Na shirya jin duk abin da zai faɗa.

"Taubashi," ya ce, "ƙwaurinka awa na balbela. Baba ya hi ka cika safa."

Ya cire hula ya share fuska, ya mayar. Bai koma gida ba. Ya tsaya a gefena na dama, inda rana ta fi duka.

Mahaucin ya tura ni da tafin hannu a baya.

"To, amarya, a kama hanya, gulbi da nisa. Ki ɗaga ƙahwa, ba ya buɗewa sai da tahiya."

Muka tafi. Ina jin ninkin a bayana yana buɗewa yana rufewa, rana tana shiga.

Ya Allah, bawanKa ya sha zafin duniya bai buɗe maɓalli ba. Ka sanyaya masa kabari, Ka tufatar da shi da abin da asu ba ya ci. Ka sa ya yafe mini abin da na kasa roƙonsa yana raye. Mu kuma da muka rage, Ka ba mu ƙafar kai wa gulbi badi.